Kubar Mangaza

Kajina ne suka fara faɗa mini gaskiya, ni ce dai ban saurare su ba. Kaza ba ta ɓata lokacinta inda babu tsaba. Shekarar da maigidana ya gina mangazar nan, ɗan ɗakin ƙasa a kusurwar gida mai ƙyauren katako da aka lulluɓe da langa-langa, kullum sai na kore su daga bakin ƙofar, suna tono suna leƙen ƙarƙashi. Amma a ranin da nake ba da labarinsa, sai suka bar wurin suka koma gindin turmi. Na gani da idona. Na ce a raina ai kyan gini ne, ya toshe ko'ina da kyau.

A wajenmu, tsakanin Cadawa da Agiye, in an gama kaka an ɗaure damma, maigida yakan fitar wa iyali abin da zai fitar, sauran ya rufe. Ba a taɓa shi sai damina ta sauka, lokacin da ake neman ƙarfin noma. Da rani mace ta ci abin da ta noma a gamanarta, 'yar gonar da aka yanka mata, ta haɗa da 'yar sana'ar hannunta. Kuma mace ba ta leƙa rumbun miji. Haka na tashi na iske. Uwata har ta tsufa ba ta san yadda cikin rumbun babana yake ba. Nasu rumbun kara ne, kunya ce kaɗai ƙofarsa. Namu kuwa ya zo da kuba, irin kwaɗon da ake kafewa a jikin ƙyaure, don an taɓa yi wa maƙwabcinmu ɓarna a rumbu. Maigidana har Maraɗi ya je ya sayo ta, babba, mai dogon makulli da ya fi ɗan yatsana. Ɗakin da nake kwana ma bai samu irinta ba. Ƙusa ce lanƙwasasshiya nake juyawa ta riƙe ƙyauren.

Ya tafi neman zinariya can arewa, bayan Agadas, kwana biyu da dawowata daga bikin ƙanwata a Gangara. Makullin yana wuyansa, a tsirkiyar fata ɗaya da layarsa. Ya shafa kan yaron, ɗanmu na fari, lokacin watansa goma. Ya ce da ni:

"Kafin ruwan shuka ina nan. Ki kula da ƙofar nan."

Na kula da ita kuwa. Ni dama haka Allah ya yi ni, abu kaɗan yake hana ni sukuni. Kowace safiya sai na share bakinta na duba ko akwai sawun da ba nawa ba. Duk wata sai na tsoma gashin kaza a man gyaɗa na zura a ramin makulli don kada ta yi tsatsa. Akwai 'yar tsaga tsakanin ƙyauren da bango. Ban taɓa sa ido a wurin ba, amma ba wanda ya hana shaƙa. In raina ya ɓaci sai in kai hancina, in ji ƙanshin hatsi, in koma aikina da ƙarfin zuciya.

Wata uku yana kira a salula. Daga nan sai shiru. In na kira, matar nan ta cikin waya ce take amsa mini da Faransanci, maganarta ɗaya kullum.

Hatsina ya ƙare da shigowar bazara. Ina saƙar tabarmar kaba, amma lokacin kowa tabarma yake sayarwa, ba mai saye. Muka koma ganyen tafasa da garin rogo. Nono ya ja baya. Yaron ya yi zawo, ya warke, ya sake yi. Da har ya fara kama bango yana takawa, sai ya bari, ya koma zama wuri ɗaya yana bina da ido. Ban san yadda zan kwatanta kallon nan ba. Ba kuka yake ba. Da kuka yake da ya fi mini sauƙi.

Na kai shi likita. Malamar ta naɗa masa ɗan ma'aunin nan a dantse. Aji uku na yi a lakol, amma launi ba ya neman karatu: kore, ruwan ɗorawa, ja. Ya tsaya a ruwan ɗorawa, tsakaninsa da ja bai fi faɗin ƙwayar hatsi biyu ba. Ta ce:

"Akwai hatsi a gida?"

Na ce, "Akwai."

"To ki riƙa dama masa kunu mai kauri, ki sa ƙuli-ƙuli, sau biyar a yini. Ki dawo mini da shi bayan sati biyu."

Ba ƙarya na yi mata ba. Na yarda akwai.

A cikin kwanakin ne wasu mutane suka zo da takardu ƙofar mai gari, suna rubuta gidajen da cimakarsu ta ƙare don a ba su taimako. Ina tsaye baya cikin mata. Da aka zo kan gidanmu sai wani ya ce, "Waɗannan ai mangazarsu cike take, har da kubar Maraɗi!" Aka yi dariya, aka wuce. Allah ya yafe mini, har wani ɗan daɗi na ji a raina, ga yaro a bayana ba nauyi.

Na bi hanyar da ta dace. Wan mijina shi ne babba a gidansu tun rasuwar iyayensu, Yaya nake ce masa. Tun da aka kawo ni ban taɓa haɗa ido da shi ba, gaisuwa ce daga durƙushe in wuce. Sai na faɗa wa matarsa ta faɗa masa. Ta dawo mini da tiya biyu na hatsi da amsa: ba a buɗe ɗakin mutum yana raye, a jira ruwa. Na san tiya biyun nan daga bakin 'ya'yansa ya cire su, don haka ban iya ko jin haushinsa ba.

Sau biyu ina ɗaukar taɓarya in tsaya gaban ƙofar. Sai in tuna abin da za a faɗa a bakin rijiya, wai wance ta fasa ɗakin miji da ya ba da baya. Kuma in na fasa, da me zan rufe? Mace ɗaya a bakin gari, da ɗaki cike da hatsi ba ƙofa, ai kiran ɓarayi ne. Abin da nake so shi ne wanda zai buɗe ba tare da ya lalata ba, ya yi mini makulli, in ɗebi na kunun yaro in mayar in rufe.

Ranar kasuwar Cadawa na goya yaron na tafi. Na fara tsayawa wajen wani mai tebur cike da kwaɗuna masu ƙyalli.

"Hajiya, kwaɗo? Ga na China, ga na Dubai, ga wanda ko aljani sai ya yi sallama!"

Na ce ba saye zan yi ba, kuba ce makullinta ya yi tafiya da mai shi.

"Wannan ai shan ruwa ne. Ƙarfe ɗaya zan sa, ɓas! Wane gari ne? Gidan yana tsakiya ko bakin gari? Maigidan tun yaushe ya tafi? Dami nawa ne a ciki? Kuna da kare?"

Yana tambaya hannunsa yana wasa da kayansa. Na lura makulli ɗaya ne yake zurawa, ya buɗe wannan kwaɗo, ya buɗe na kusa da shi, ya buɗe na uku. Na ja da baya. Na ce karnuka biyu gare mu, da ƙannen mijina huɗu duk a gida, na kira masa sunan wani gari da ba namu ba, na bar wurin da sauri.

Wata tsohuwa mai daddawa da ke zaune kusa ta ji komai. Ta jawo bakin mayafina.

"Ke ɗiyar nan, Allah ya so ki. Wanda ya tambayi karenku ba gaisuwa zai kai masa ba. Je ki gindin itacen bedin can bayan 'yan tukwane. Akwai tsoho mai gyaran kuba da cocila. Kunnensa ya yi nauyi, kansa kuma ya fi na tsohon jaki tauri, amma tun ina amarya yake nan, ba a taɓa jin ya buɗe abin da ba a ba shi ba."

Na same shi zaune kan buhu, tabarau a ɗaure da zare, gabansa gwangwanayen tumatir cike da ƙusoshi da ƙananan ƙarafa. Na durƙusa.

"Baba, sannu da aiki."

"Yawwa, ɗiyata. Mi ya lalace?"

Na faɗa masa, ina ɗaga murya. Ya saurara yana goga wani ƙarfe da magagari, bai ɗago ba.

"Kubar wa ce?"

"Ta gidanmu."

"Ban tambaye ki gida ba. Wa ya saya, wa ya kulle?"

"Maigidana."

"Shi ya aiko ki?"

"A'a, Baba."

"To ba ni buɗewa."

Na kwance goyo na juyo da yaron gabansa. Ya ajiye magagarin, ya cire tabarau, ya daɗe yana kallonsa. Ya laluba aljihu ya fito da dabino ɗaya, ya ɓare ya sa masa a hannu. Yaron ya riƙe, bai kai baki ba.

"Na gani," in ji shi. "Idona bai mutu ba tukuna. Amma in na buɗe yau da bakinki ke ɗaya, gobe wani zai zo ya ce ɗakinki nasa ne, shi ma in buɗe masa. Ki samo mini namiji daga dangin mai ɗakin, da mutum ɗaya na mai gari. In sun zauna, ki aiko ko wace rana ce. Ko da ƙafa zan zo."

"Baba, dangin nasa ne suka ce a jira ruwa."

"To can aikinki yake, ba nan ba."

Duk hanyar komawa gida ina zaginsa a zuciya. Na ce amanar da za ta bar yaro ya mutu, me ake yi da ita? Har na yi tunanin komawa wajen mai tebur. Tambayar karen nan ce ta hana ni.

Kwana uku ina juya abin. Rana ta huɗu da hantsi, yaron ya ƙi ko ruwan kunu. Na ɗauke shi na nufi zauren Yaya. Yana zaune da abokansa biyu yana ɗaura wa hauya ƙota. Mu a wajenmu uwa ba ta nuna damuwa da ɗan fari gaban manya, ko sunansa ba ta kira. Balle a gaban wan miji. Ranar na zubar da kunya biyu a lokaci ɗaya. Na shiga, na tuɓe masa riga, na kwantar da shi a tabarma daidai gwiwar Yaya. Na zagaye dantsensa da babban yatsana da manuni, suka haɗu har da sauran wuri.

"Yaya, ga ɗanku. In ruwa za a jira, ka faɗa masa da kanka."

Abokan suka tashi suka fita ɗaya bayan ɗaya. Yaya ya dubi dantsen. Sai ya jawo rigar ya rufa wa yaron.

"A kira mai kubar," ya ce, da irin muryar da ake faɗin rasuwa.

Washegari da safe tsohon ya iso a bayan kabu-kabu, buhunsa a cinya. Ya yi sallama a waje, bai tako ciki ba sai da Yaya ya fita ya shigo da shi. Mai gari ya turo wani dattijo. Labari kuwa ya riga ya zaga. Matan unguwa suka cika tsakar gida, na ga ƙorai a ƙarƙashin mayafan wasu. Ban ga laifinsu ba, kowa gidansa wayam. Ni kaina na riga na yanke wa zan ɗibar wa ko da kaɗan ne.

Tsohon ya durƙusa gaban ƙofar ya yi bisimilla. Kafin ya taɓa kubar sai ya ƙwanƙwasa ƙyauren da ƙashin yatsa, sama, tsakiya, ƙasa, ɗaya tafin hannunsa a manne da langa-langan. Na ga hannun ya tsaya. Ya sake ƙwanƙwasawa. Ya waiga ya dubi Yaya, Yaya ya mayar da ido kan kaji.

Sai tsohon ya ɗaga murya.

"Kai! Wannan kuba ta ci tsatsa. Sai ta sha mai ta jiƙa. Jama'a, kowa ya kama gabansa, sai bayan la'asar."

Maƙwabciyata, wadda ba a rasa magana a bakinta, ta ce, "Baba, ko dai ƙarfin ne ya ƙare?"

"Ƙarfi ya ƙare tun kina goye, ɗiyata. Dabara ce ta rage, ita kuma ba ta son ido."

Suka yi dariya suka watse. Ni ban yi ba. Ni ke sa wa kubar nan mai da hannuna, na san babu ko ɗigon tsatsa a cikinta. Amma har lokacin ban bar zuciyata ta faɗi abin da ta gane ba.

Da gidan ya rage mu huɗu, tsohon ya zazzage buhunsa. Ya zaɓi wani ɗanyen makulli marar haƙora. Ya tsoma tsumma a kananzir ya kunna, ya riƙe makullin a kan hayaƙin har ya yi baƙi ƙirin. Ya zura a hankali, ya murɗa kaɗan, ya fitar ya kai kusa da tabarau. Inda baƙin ya goge, nan yake ci da magagari, sau biyu ko uku kawai. Ya sake shafa hayaƙi, ya sake zurawa. Haka ya yi ta yi, ba gaggawa, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ni ina zaune da yaro a cinya ina ƙirga numfashinsa. Ya kai tsawon dahuwar tuwo. Sai muka ji ƙas.

Bai tura ƙyauren ba. Ya miƙe, ya juya wa ƙofar baya, ya je ya zauna gindin turmi.

"Aikina ya tsaya nan. Ba ni ganin cikin ɗakin mutane."

Na jira Yaya ya tashi, bai tashi ba. Dattijon mai gari ya dube ni ya ce, "Bisimilla." Na miƙa masa yaron, na tura.

Shi ne karon farko a rayuwata da na ga cikin ɗakin ajiyar namiji. Dami uku ne, an jingina su daf da ƙofa, daidai tsagar da nake kai hancina. Bayansu ƙasa ce a share, har shatin tsintsiya yana nan. A jikin azara an rataye ɗan buhu, iri ne na hatsi da wake. Shi ke nan. Na zagaya ɗakin ina shafa bango, kamar zan iske wata ƙofa a ciki.

A tsaye a wurin na tuna. Ranar da na dawo daga Gangara na ga sawun amalanke a tsakar gida, ya shiga ya fita har sau da yawa. Na tambayi maigidana, ya ce ƙasar yaɓe aka kawo. Ban ga sabon yaɓe ko'ina ba, na kuma yi shiru.

Na fito.

"Yaya, amalankenka ne."

"Nawa ne."

Bai ɗago ba. Ya ce kuɗin mota da na kayan aiki aka nema, babu abin sayarwa sai hatsin. Ya ce ƙanensa ya yi alkawarin zai dawo kafin ruwa ya cika ɗakin, ba wanda zai sani, ya kuma sa shi ya rantse.

"Kullum cewa nake gobe zai kira," in ji shi. Na ga hawaye yana bin gemunsa.

Ban yi ihu ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne damman nan uku a bakin tsaga. Maigidana ya san ni. Ya san ba zan leƙa ba, ya kuma san zan shaƙa. Har yau ban san ko yaudara ce ko tausayi ba. Wani lokaci in ce wannan, wani lokaci in ce wancan.

Tsohon ya yi magana daga inda yake zaune, bayansa har yanzu ga ƙofar.

"Tun da na ƙwanƙwasa na ji. Ɗaki in yana cike ba ya amsawa." Ya miƙo mini makullin, da sauran ɗumi a jikinsa. "Naki ne yanzu. In kin so, ki mayar ki kulle kamar da. Da la'asar in ce musu kubar ta gagare ni, a yi mini dariya, ba komai. Ni dai bakina ƙanin ƙafata."

Dattijon mai gari ya ce shi ma idonsa ba ya gani sosai kwanan nan. Yaya ya ɗago ya dube ni, karon farko da muka haɗa ido. Roƙo ne a ciki.

Na riƙe makullin. Na tuna dariyar ƙofar mai gari, da yadda aka tsallake sunanmu. Na tuna "akwai" da na ce wa malamar likita. Muddin ƙofar nan tana kulle, mu masu hali ne a idon gari, ba wanda zai miƙo mana ko cokali. Dami uku kuma ba za su kai mu kaka ba. Mutuncin uban yana hannuna na dama, ɗansa yana cinyar dattijo, kansa ya langaɓe gefe.

"Baba, cire ta."

"Ki yi tunani, ɗiyata. Abin nan zarar bunu ne, in ya fita ba ya komawa."

"Cire ta. A bar ƙofar a buɗe, in sun dawo su gani." Na juya ga dattijon. "Kai kuma, Baba, ka gani da idonka. Ka faɗa inda ake rubuta sunaye."

Yaya ya tashi ya fita.

Tsohon ya kwance kubar daga ciki, idonsa a kan hannunsa kawai. Da ya gama sai ya tsaya yana duban ɗakina, ya taɓa ƙusar nan lanƙwasasshiya da yatsa, ta juya da kanta.

"Bayan wannan kike kwana da yaro?"

"I, Baba."

Ya girgiza kai. Ya durƙusa ya fara huda katakon ƙyaurena. Kafin azahar ya ɗora kubar a nan, ya sa ni na kulle na buɗe sau uku a gabansa. Sannan ya ce:

"In sake mata ciki, tsohon makullin ya daina buɗewa? Makullin da ya yi nisa, ba a san hannun da zai faɗa ba."

Duk mai hankali zai ce a sake. Ni da nake tsoron inuwata, ni da na gudu daga mai tebur saboda tambaya ɗaya, sai na ji bakina ya ce, "Bar ta haka. In ya dawo ina gona, kada ya tsaya a waje."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya gyaɗa kai, ya fara tattara gwangwanayensa. Na kamo masa kaza, ya ce a bar ta ta yi wa yaro ƙwai. Kuɗin ƙarfen makullin kaɗai ya karɓa.

Da la'asar matan suka dawo da ƙoransu. Suka tsaya gaban ƙofar a buɗe suna leƙa ciki. Maƙwabciyata mai ba'a ita ta fara juyawa. Jim kaɗan ta dawo, ƙwaryarta da gari har rabi, ta ajiye gindin turmi ba ta dube ni ba. Amma magana ma ta fita. A bakin rijiya an kira sunan mijina yadda ba a taɓa kiransa ba, wai ya sayar da cimakar iyali ya rufe iska da kubar Maraɗi. In na iso a yi shiru. Ni na fitar da shi, na sani.

An rubuta sunanmu. Sai dai yaron ya riga ya gangara. Da na mayar da shi likita, ma'aunin ya shiga ja, aka tura mu asibitin Agiye. Na kulle ɗakina da makullin tsohon, na ɗaure shi a bakin zane. Muna can ruwan shuka ya sauka, na ji ƙanshin ƙasa ta taga na yi ta kuka saboda ɗan buhun nan na jikin azara. Da muka dawo bayan sati biyu da 'yan kwanaki, na iske gonar ta tsiro layi-layi. Yaya ne ya shuka da 'ya'yansa. Bai gaya mini ba, ni ma ban je godiya ba, sai dai na dama fura na aika. Ya sha, aka dawo da ƙwaryar a wanke.

Yaron ya tashi a hankali. Sai da ya shekara biyu ya yi tafiya. Har yanzu kowace safiya sai na kama dantsensa na zagaye da yatsu. Ba sa haɗuwa kuma, shi kuma ya fara fizgewa yana cewa in sake shi, amma hannuna bai daina ba.

Bayan kaka na je kasuwar Cadawa na gaishe da tsohon. Ya dubi yaron, ya ba shi dabino, wannan karon ya cinye har yana neman ƙari. Bai tayar da zancen mangaza ba. Tambaya ɗaya ya yi, ko kubar tana gardama. Na ce ba ta yi.

Wata biyu bayan nan, da rana tsaka, wani mutumin wajen Gazawa ya yi sallama a zauren Yaya. Tare suka yi aiki da maigidana a rami ɗaya. Shi da Yaya sun daɗe a zauren. Sai ga Yaya da kansa ya shigo gidana, ya tsaya bakin ƙofar ɗakina da ƙullin tsumma a hannu. Ya ce in zauna. Rami ne ya rufta, su uku har da maigidana. An fito da su an yi musu sutura a can. Na tambayi yaushe. Da ya lissafa, sai ya zo daidai da lokacin da salula ta yi shiru. Ashe ranar da aka aiko mini cewa ba a buɗe ɗakin mutum yana raye, ya yi wata uku a ƙasa. Na ga Yaya ma lissafin da yake yi ke nan, don ya kasa ƙarasa addu'ar da ya fara.

A cikin tsumman akwai layar maigidana da makullin, a tsirkiyarsu ta fata da gumi ya mayar baƙa.

Da mutane suka ɗan ragu, kafin a zaunar da ni takaba, na fito na ja ƙyauren ɗakina na kulle da nawa. Na zura nasa. Ya juya ba gardama, ya ma fi nawa laushi. Na tsaya riƙe da ƙofar a buɗe, yaron yana jan zanena yana cewa shi ma a ba shi ya gwada. Na ɗaga shi, na ɗora hannunsa a kan makullin, muka murɗa tare.